Yadda Ake Bin Sawun Wanda Aka Kama da Takardun Shari'arsa, Daga Gamu Zuwa Gure

A wasu ƙasashe, kamar Amurka, idan aka kama mutum a ƙauye, sau da yawa kafin gari ya waye sunansa da hotonsa sun hau intanet, kowa na iya dubawa. A Nijar ba haka tsarin yake ba. Labarin wanda aka kama yana cikin manyan littattafai da ake cikawa da hannu, kowane ofis da nasa: jandarmomi na da rajistar tsarewa, kotu na da rajistar ƙararraki, gidan kaso na da rajistar shiga da fita. Ba wanda zai miƙa maka littafin ka buɗe da kanka. Kai dai ka je da cikakken suna da kwanan wata, ma'aikaci ya duba maka, ya ba ka lamba, lambar nan ita ce za ta buɗe maka ƙofar ofis na gaba.

Ga mutumin Gamu, kusan duk ofisoshin nan suna Gure, babban garin gundumar da ta haɗa Gamu da Kelle da Alakos da Bune da Gidigir. Manyan shari'u da ɗaukaka ƙara su ne ke wucewa Damagaram, kilomita kusan 160 yamma da Gure a kan babbar kwalta. Bi matakan nan a jere. Wanda ya tsallake na farko yakan dawo ya yi shi bayan ya kashe kuɗin mota.

Abin da za ka riƙe a hannu: katin shaidarka, takardar haihuwar wanda ake nema ko jijman da ya maye gurbinta, ƙaramin littafi da biro, waya mai caji, ƴan canji na tambur da hoton takarda, da leda mai kauri da za ka sa takardun a ciki.

1. Tattara labarin kamun kafin ka bar gida. Nemi wanda ya gani da idonsa, ba wanda aka ba labari ba. Tambaye shi rana, da lokaci (kafin azahar ne ko bayan la'asar), da wuri: kasuwa, bakin rijiya, gona, ko kan hanya. Tambaye shi su wa suka yi kamun, da irin kakinsu, da inda motar ta nufa. Rubuta duka a littafinka tun labarin bai fara canzawa a bakin mutane ba. Lokacin kamun shi ne mafi muhimmanci, don daga shi ake fara ƙidayar awannin da doka ta ba jami'ai.

2. Kwafi sunan yadda yake a takarda, harafi da harafi. A nan ne mutane da yawa ke yin asarar yini guda. A gida ana kiran mutum Ɗan Ladi ko Malam Ƙarami, a takarda kuwa wani suna ne daban. Kuma ko da yake kundin tafiyar da ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, takardun kotu da Faransanci ake rubuta su, sunaye ma da rubutun Faransanci. Umaru zai fito Oumarou, Musa ya zama Moussa, Muhammadu kuwa yana iya fitowa Mahamadou ko Mamadou ko Mamane. Haɗa da sunan uba, da sunan uwa, da shekarar haihuwa, da ƙauye. A rajista ɗaya ana iya samun Moussa Oumarou uku, sunan uwa ne ke raba su. In mutumin ba shi da takarda ko ɗaya, rubuta sunan ta hanyoyi biyu ko uku, ka sa ma'aikacin ya gwada kowanne.

3. Biya ta wurin mai gari. Sau da yawa jandarmomi kan sanar da shi in sun shigo ƙauye, kuma takardar sammaci ta hannunsa take biyowa. Tambaye shi ko an yi ƙara ne, da wanda ya yi ta. In maganar ɓarnar gona ce tsakanin manomi da makiyayi, ko rikicin iyaka, ko bashi, watakila tana nan a gaban sarki ba ta kai kotu ba, don doka ta ba sarakunan gargajiya ikon yin sulhu a irin waɗannan. Amma sara da suka, da sata, da fyaɗe, ba na sulhun fada ba ne. Kada ka ɓata kwana biyu a zaure kana jiran abin da ya riga ya wuce hannun mai gari.

4. Ku zaɓi mutum ɗaya da zai bi maganar. Ya zama mai haƙuri, mai katin shaida, in da hali mai jin Faransanci, ko ya tafi da wanda ke ji. Kada ku cika mota da dangi. Taron mutane a ƙofar birgad, wato ofishin jandarmomi, ba ya sa a saki kowa, sai dai ya sa a rufe ƙofa. Ku tashi da asuba don ku isa Gure da hantsi, lokacin da shugabannin ofis ke zaune. Ranar Juma'a ana tashi aiki da wuri, Asabar da Lahadi kuwa kotu a rufe take, sai birgad da ke aiki kullum. Da damina ku ƙara lokaci a kan lissafinku saboda hanya.

Wani gargaɗi tun a nan. In wani ya kira ku a waya ya ce shi jami'i ne, a tura masa kuɗi yanzu-yanzu a saki ɗanku, kada ku tura ko dala. Ku je ku gani da ido.

5. Fara da birgad ɗin jandarmomi. Ƙauyuka aikin jandarmomi ne, cikin gari kuma na ƴan sanda. Yi sallama, nuna katinka, faɗi dangantakarka da mutumin: "Shef, ni wansa ne, na zo in san ko yana hannunku." Tambayoyi huɗu kawai za ka yi. Yana nan? Tun yaushe aka rubuta shi a rajista? Da me ake zarginsa? Yaushe za a kai shi gaban alƙali? Wannan tsarewar farko, wadda ma'aikata ke kira gardabi, awa 48 ce, kuma ana iya ƙara wata 48 in mai gabatar da ƙara, wato furokira, ya ba da izini. Gwada lokacin da suka faɗa maka da wanda ka rubuta a gida. In sun sha bamban ƙwarai, kada ka yi gardama a wurin, rubuta ka ajiye wa lauya ko alƙali. Roƙi lambar takardar bayanin da suka rubuta da kwanan watanta. Ba za su ba ka kwafinta ba, kotu ake aika ta. In an karɓe babur ko waya ko dabbobi, tambayi ko an rubuta su a ciki, don abin da ba a rubuta ba wuyar dawowa gare shi. Kawo abinci da ruwa, da maganinsa in yana shan magani. Kai kuma kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba cikin harshen da kake ji, Hausa ne, Barbarci ne, ko Fulatanci.

6. In suka ce ba ya nan, kada ka koma gida. Wuce komisariyar ƴan sanda. In maganar sare itace ce ko farauta, leƙa ofishin jami'an gandun daji. In kaya ne ko man fetur aka kama, je duwan, wato ofishin kwastan. Akwai kuma zargin ta'addanci, wanda hanyarsa daban take: tsarewar farko tana kai kwana 15, ana iya sabunta ta, kuma kotu ta musamman da ke Yamai ce ke riƙe da irin waɗannan shari'u. Mutanen gabas da yawa da aka kama a rikicin Boko Haram, a gidajen kaso na Kollo da Kutukale danginsu suka same su. In aka ce maka an wuce da shi ta wannan hanya, nemi lauya ko ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam nan take, wannan ba tafiyar mutum ɗaya ba ce.

7. Da zarar an kai shi kotun Gure, nemi ofishin magatakarda. Shi ne girefe, mai riƙe da rajistoci da hatimin kotu, kuma Metir ake ce masa. Ka san shi, ka girmama shi, don duk takardar da za ka nema daga yau ta teburinsa za ta fito. Ba shi suna da ranar da aka kawo mutumin, ka tambayi abin da aka yanke. Ɗayan uku ne. Ko an sake shi. Ko an sa masa ranar shari'a nan kusa, kamar yadda ake yi wa wanda aka kama dumu-dumu. Ko an miƙa maganar ga alƙali mai bincike, wanda ke nufin za a daɗe. A biyun ƙarshe ana iya rubuta masa takardar ajiya a gidan kaso, wadda za ka ji ana ce wa manda depo. Rubuta ranar da aka sa mata hannu. Sannan roƙi lambar dosiye, wato fayil ɗin shari'ar, lamba ce da shekara a gefenta. Rubuta ta a littafi, rubuta ta a waya, ka aika wa wani a gida. Daga yau, duk ofishin da ka shiga, da ita za ka fara magana kafin suna.

8. Kafin ka bar kotu, nemi takardar izinin ziyara. Wanda ba a yanke wa hukunci ba, alƙalin da ke riƙe da dosiyensa ne ke ba da izinin ganinsa. In ka tafi ƙofar gidan kaso ba tare da izinin ba, za a maido ka. Jami'an gardi ne ke tsaron gidan, shugabansa kuwa rejisar ake kiransa. Nuna katinka da izinin, a duba maka rajistar shiga a tabbatar yana ciki. Tambayi ranaku da lokutan ziyara da na kawo abinci. Za a bincike kwanon, wani lokaci a ce ka ɗanɗana, kada ranka ya ɓaci. Bar wayarka a inda aka ce. In ka gan shi, tambaye shi abu biyu: ko alƙali ya saurare shi, da ko an ba shi wata takarda. In kuma ya daɗe sai wata rana aka ce ba ya nan, rajistar ce za ta nuna ko an mai da shi Damagaram ko wani wuri, da ranar da aka yi hakan.

9. Fara ƙidaya daga ranar manda depo. Doka ta sa wa jiran shari'a iyaka: wata 12 a ƙananan laifuka, wata 30 a manya, ban da na ta'addanci da ke da nasa lissafin. A ganina wannan shi ne matakin da dangi suka fi sakaci da shi, shi ne kuma ya fi ceton mutum. Dosiyen da ba a tambaya yakan nutse ƙarƙashin wasu, musamman in an canza alƙali ko an shiga hutun kotu, wanda ke faɗowa da damina, daidai lokacin da kowa ke gona. Sa wa kanka ƙa'ida: kowane wata ka leƙa girefe da lambarka, ka rubuta abin da ya ce da ranar da ya faɗa. Wanda ke tsare yana da ikon rubuta wa alƙali roƙon sakin talala kafin shari'a. Ana iya ƙi, ana iya sake roƙa. Adireshi tabbatacce da mutumin kirki da zai tsaya masa suna taimakawa.

10. Kada ka nemi a nuna maka abin da ke cikin dosiye muddin ana bincike. Sirri ne a doka, kuma girefen da ya ƙi nuna maka aikinsa yake yi. Lauya ne ke da ikon karantawa. Lauyoyin ƙasar akasarinsu a Yamai suke, kaɗan ne a jihohi, kuɗinsu kuma ba na kowa ba ne. Saboda haka aka kafa hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa, ANAJJ, a ƙarshen 2011, tana da ofis a babbar kotun Damagaram. Tana ba da shawara kyauta, tana kuma sama wa marasa hali da yara mai kare su. Ƙungiyar ANDDH, wadda ke aikin kare haƙƙin ɗan Adam tun 1991, ita ma ƙofa ce da ake ƙwanƙwasawa. Ka yi hankali da masu zaman bakin kotu da ke cewa sun san alƙali. Duk kuɗin da doka ta sa a biya yana da rasiɗi. Wanda ba shi da rasiɗi, ba na kotu ba ne.

11. Duba allon kotu. Ana liƙa jerin shari'un da za a saurara, da lamba da suna da laifi. Zaman kotu a buɗe yake ga kowa, sai na yara, wanda ake yi a rufe a gaban alƙalin yara. Zo da wuri, kashe waya, zauna inda za ka ji. In aka ɗaga shari'ar, alƙali zai faɗi sabuwar rana da baki sau ɗaya, cikin Faransanci, a wuce. Rubuta, in an tashi ka tabbatar a wurin girefe. Manyan laifuka irin kisan kai a Damagaram ake yanke su, ko da a Gure aka yi binciken.

12. In an yanke hukunci, yi abu biyu a rana ɗaya. Na farko, lissafa wa'adin ɗaukaka ƙara. A shari'ar laifi kwana 10 ne daga ranar da aka faɗi hukuncin a gaban mutum. Ana bayyana ɗaukakawar a ofishin girefe, wanda ke tsare kuma yana iya yi ta hannun rejisar. Kada ka ce sai an buga hukuncin, bugawar takan fi kwana goma nesa ba kusa ba. Na biyu, nemi kwafi. Akwai gajeren tsakure mai ɗauke da suna da laifi da hukunci, shi ya fi saurin fita, kuma ya isa yawancin buƙatu. Akwai cikakken kwafi mai dalilan alƙali. Akwai kuma kwafi mai umarnin zartarwa, wanda ake ba wanda ya ci shari'a don ya karɓi diyyarsa. Faɗa wa girefe abin da za ka yi da takardar, zai gaya maka wadda ta dace. Masu shari'ar ne ke da haƙƙin karɓa kai tsaye. In kai bare ne, rubuta roƙo zuwa ga furokira ka faɗi dalilinka. Sayi tambur a ofishin haraji, biya kuɗin kwafi, karɓi rasiɗi. Kafin ka fita, duba suna, da lamba, da sa hannu, da hatimi. Kwafin da ba hatimi takarda ce kawai.

13. Ranar fita, kada ya bar gidan kaso ba takardar sallama. In kuma alƙali mai bincike ne ya ce babu hujjar gurfanar da shi, ko kotu ta wanke shi, ku karɓi kwafin takardar da ta ce haka. Wata rana a shingen hanya, ko in tsohon mai ƙara ya sake tayar da maganar, ita ce za ta yi magana. Da ita kuma ake neman kayan da aka riƙe.

14. Don takardar shaidar rashin laifi, wato kaziye, je kotun inda aka haife ka. Haifaffen Gamu a Gure zai nema. Wanda aka haifa a Tanut ko Magariya sai ya koma can, ko da ya shekara talatin a Gamu. Wanda aka haifa a waje, Najeriya ko Libiya, a Yamai ake duba nasa. Kaziye kashi uku ne: na 1 na alƙalai, na 2 na wasu ma'aikatun gwamnati, na 3 shi ake ba mutum. Tafi da takardar haihuwa da katin shaida da tambur. In ba ka da hukunci a kanka, za ka ga an ja layi ko an rubuta néant. Masu ɗaukar soja ko jandarma ko malamin makaranta suna son wanda bai wuce wata 3 ba, don haka kada ka ciro shi tun ba a buɗe karɓar takardu ba.

Ka lura da abu biyu game da shi. Hukunci yake nunawa, ba kamu ba: wanda aka tsare aka saki ba tare da hukunci ba, nasa fari ne. Sannan ba a ba wani na wani. Mai son sanin halin wanda ya zo neman auren ƴarsa, ko wanda zai damƙa wa garken awaki, ba zai samu a kotu ba. Sai dai ya ce wa mutumin ya kawo nasa da hannunsa, ko ya yi abin da aka saba, ya aika a tambayi mutanen garinsu.

15. In takardun gona ko gado ko aure kake nema, koma inda maganar ta fara. Sarki yana rubuta takardar sulhu, ko ta rashin sulhu in an kasa daidaitawa, kuma kotu takan nemi ta biyun kafin ta saurari rikicin gona. Roƙi kwafinka a ranar, tun shaidu na zaune. Takardun saye da jingina da kyautar gona suna wurin kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa, tun daga na ƙauye zuwa na ma'aikatar magajin garin Gamu da na Gure. Abin da ya kai kotu, alƙali kan yanke shi tare da masana al'adar masu shari'ar, hukuncin kuma yana wurin girefe kamar sauran. Tsohon hukunci da ba ka san lambarsa ba, kawo shekara da sunayen ɓangarori biyu. In shekarar ta ɓace maka, lissafa da abin da kowa ya sani, kamar yunwar 1984 ko ta 2005, ko zamanin wani sarki, ka ba girefe tazarar shekara biyu ko uku ya bincika a ciki. Ba shi lokaci, ka tambayi ranar da za ka dawo.

16. Kowace takarda ka samu, yi mata hoto biyu a Gure kafin ka hau mota, ka kuma ɗauke ta a waya. In wani ofis ya nemi takarda, ba shi hoton da aka buga wa hatimin tabbatarwa a ma'aikatar magajin gari ko komisariya, asalin ya zauna a hannunka. A gida, sa su a leda, ledar a cikin akwatin ƙarfe, akwatin a kan dutse ko bulo saboda gara da ruwan damina. Nuna wa mutum ɗaya amintacce inda suke, ka rubuta lambar dosiyen a bangon littafinka na farko tare da ranar da za ka koma wurin girefe.